Abokan Hira a Daren Hunturu

Da an gama yankan dawa, an ɗaure dammuna an kai rumbu, sai gari ya sauya fuska. Iska ta juyo daga arewa maso gabas, hazo ya sauko ya lulluɓe itatuwa, rana ta fito ba ƙarfi har mutum ya iya duban ta ido da ido. Masana yanayi sun ce galibin ƙurar nan daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa, inda wani makeken tafki ya ƙafe tun dubban shekaru, ya bar farar ƙasa mai laushi da iska ke kwasa tana rabawa har bakin teku. Mu dai abin da muka sani shi ne leɓe ya tsage, faso ya buɗe a dunduniya, man kaɗanya ya yi daraja, mai shayi ya samu kasuwa. A Kano, magaribar da a tsakiyar damina takan kai bakwai saura, yanzu shida na bugawa ladan ya kira salla. Ana idar da isha'i majalisar ƙofar gida ta watse, kowa ya naɗe tabarmarsa ya shige ɗaki.

Damina ta gona ce, wanda ya wuni a duƙe ba shi da sauran ƙarfin buɗe littafi. Bazara kuwa korar mutum take yi daga ɗaki, ya kwana a tsakar gida yana fifita. Tsakanin ƙarshen kaka da farkon hunturu ne ake samun hatsi a rumbu, dare ya yi tsawo, ga kuma ɗarin da ke tara iyali wuri guda ko suna so ko ba su so. Ko ɗan birnin da bai taɓa riƙe lauje ba yana cin wannan gajiyar, don shi ma yawon dare ya fita daga ransa. Almajiran tsangaya sun daɗe da sanin darajar wannan lokaci. Da rana su tara karan dawa, da dare da asuba su hura wuta su kewaye ta da allunansu, ita ke ba su haske, ita ke ba su ɗumi, har karatu ya zauna.

Ba mu kaɗai muka haɗa sanyi da littafi ba. A Ingila, Charles Dickens ya fitar da ɗan littafinsa na fatalwa, A Christmas Carol, a watan Disamba na 1843, kafin ranar Kirsimeti bugun farko ya ƙare. A ƙasar Aislan, can ƙuryar arewacin duniya, inda hasken rana a Disamba bai wuce awa huɗu zuwa biyar ba, masu ɗab'i kan tara sababbin littattafansu su sake su a makonnin ƙarshen shekara, jama'a su yi ta yi wa juna kyauta da su. Nasu sanyin na ƙanƙara ne, namu na ƙura, amma duk ɗaki ya kora mu.

Sai dai ba kowane littafi mai kyau ne ya dace da irin wannan dare ba. Akwai wanda ke son tebur da alƙalami da hasken rana. Wanda nake nema wa daren hunturu shi ne littafi mai murya, wanda in ka buɗe shi sai ka ji wani ya zauna kusa da kai yana ba ka labari, ba ya gaggawa, ya san inda zai dakata ka yi dariya, ya san inda zai yi shiru. Ba lallai ne labarin ya ƙare da biki ba. A bakin mai ba da labari ɗumin yake.

A nan babu wanda zai sha gaban Magana Jari Ce, kuma ba don girmama tsofaffi na faɗi haka ba. Dubi yadda aka gina littafi na ɗaya. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Musa ya ƙagu ya bi mayaƙa fagen fama, Waziri kuma yana can yana ƙulla makircinsa, jira kawai yake yaron ya sa ƙafa waje. Me ya tsaya tsakanin Musa da halaka? Aku. Ba shi da takobi, ba shi da ƙarfin tare ƙofa. Duk dare in yaron ya yi shirin fita, sai tsuntsun ya jefo masa bakin wani labari, ya ja shi, ya ja shi, har gari ya waye, tafiya ta fasa. Wato gaba ɗayan littafin a kan dabarar riƙe mutum cikin ɗaki da dare aka kafa shi. In akwai littafin da aka yi wa hunturu tun daga tushe, to shi ne wannan.

Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, yana ɗan shekara ashirin da biyar aka ɗauko shi daga koyarwa a Katsina zuwa Zariya, a 1936, don ya rubuta wannan littafi tare da wani Bature mai suna Rupert East. Littattafan uku sun fito daga 1937 zuwa 1939, shekarar da ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Sanannen abu ne cewa yawancin labaran ba shi ya ƙago su daga babu ba. Akun da ke tsare mutum da labari ya daɗe a adabin Indiya da na Farisa, wasu labaran daga Alfu Laila suke, wasu daga tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm suka tara. Wasu kan faɗi wannan da murya ƙasa-ƙasa, sai ka ce abin kunya ne. Ni a wurina nan gwanintar take. Ɗauki labarin Kalala da Kalalatu. Mace ta gasa kaji don baƙon mijinta, ta ɗanɗana, ta ƙara ɗanɗanawa, har ta wayi gari ba kaji. Sai ta tsorata baƙon da wuƙar da mijin ke wasawa, ya ranta a na kare, ta juyo ta ce wa mijin ai baƙo ya gudu da kaji. Ƙashin labarin daga Jamus ya zo. Amma ka karanta wa kowace tsohuwa a Funtuwa ko Tasawa, za ta rantse ta san matar, ta san ma unguwarsu.

Abin da ya sa haka, Imam da kunne ya yi rubutu. Jimlarsa ba ta wuce tsawon numfashi. Ya san inda zai sa kirari, da inda karin magana ɗaya za ta wadatar, da inda zai bar wawa ya yi ta zuba har ya kunyata kansa. Kowa da irin bakinsa: bafade ba ya magana irin ta malami, ɓarawo ba ya magana irin ta alƙali, mai roƙo a gaban sarki ya san yadda zai lanƙwasa harshe. Wanda yake son ya gwada marubuci, ya karanta shi a bayyane cikin hunturu, da busasshen maƙogwaro da tsagaggen leɓe. Nan take zai gane wanda ya rubuta Hausar da ake faɗa, da wanda ya jera kalmomin Hausa a kan tunanin wani harshe. Na biyun yakan sa mutum tari tun bai kai rabin shafi ba.

Da yawanmu a aji muka fara haɗuwa da littafin, ana cewa mu fitar da jigo da salo da warwarar jigo, ga jarrabawa na tafe. Wannan haɗuwa ba ta kirki ba ce, kuma ita ta raba mutane da yawa da shi. A sake ba shi dama a ɗaki, ba malami, ba maki.

Na ga yadda abin yake in an mayar da shi inda ya dace. A wani gida da nakan shiga gaisuwa, akwai wata dattijuwa da idonta ya yi rauni, da jikanyarta 'yar sakandare. Bayan isha'i tsohuwar takan zauna bakin gado, bargo a kafaɗa, faifai a cinya tana ɓarar gyaɗa da lalube, yarinyar kuma a ƙasa kan tabarma da fitilar caji, da wani tsohon kwafi da bangonsa ya rabu aka ɗinke da zare. Ana cikin labarin Kalalatu sai tsohuwar ta ɗaga hannu.

"Kishiya, koma baya. Matar nan ƙarya take shirgawa, ke kuma kin karanta ta da muryar gaskiya."

"To Iya, ke da ba ki yi boko ba, ina kika san yadda aka rubuta?"

"Ban san yadda aka rubuta ba. Yadda ake faɗa na sani. Sassauta murya, ki yi kalar tausayi."

Yarinyar ta sake, ta marairaice, ƙannenta da ake zaton sun yi barci suka tuntsire da dariya daga cikin bargo. Gyaɗa ta ci gaba da zuba a faifai. Littafi ɗaya, fitila ɗaya, mutum biyar.

Wanda ya gama da aku yana son ƙari, ga Ruwan Bagaja, wanda Imam ya shiga da shi gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, aka buga a 1934. Ɗan ƙarami ne, dare ɗaya ya ishe shi. Neman ruwan magani shi ne dalilin tafiyar, amma ba don ruwan ake karanta shi ba, don Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ake yi, yadda suke haɗuwa gari bayan gari kowa na rama cutar da aka yi masa. Gandoki na yayansa, Bello Kagara, daga gasar nan ya fito shi ma. Cika baki ne da kirari da ƙarar takobi, a ba yara maza su karanta a tsaye. Haka Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda asalin gwarzonsa daga labaran Rashawa yake, mutanen da suka fi kowa sanin sanyi.

Shaihu Umar daban ne, kuma a kansa nake so in ɗan daɗe, don shi ne zai gwada maganar da na yi cewa ba daɗin ƙarshe ke sa littafi ɗumi ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana matashin malamin makaranta a Bauci ya rubuta shi don waccan gasa, shekaru da yawa kafin ya zama Firayim Minista. Babu abin dariya a ciki. Yaro ne aka sace, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetara hamada da shi zuwa ƙasar Masar, inda Balarabe Abdulkarim ya riƙe shi riƙon ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwarsa kuma ta bar gida ta bi sawunsa, ita ma aka kama ta aka bautar, ta sha wuya iri-iri, ba ta sake ganin ɗanta ba sai dab da ajalinta. A hanyar komowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu. In kana karanta wannan wuri iska na kaɗa langa-langar rufi, ƙura na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ba ka bukatar a yi maka bayanin hamada.

To me ya kawo irin wannan littafi cikin abokan hira? Muryar. Shaihun da kansa ne ke ba da labarin, yana zaune a garin Rauta cikin almajiransa, bayan an tambaye shi asalinsa. Tun shafin farko ka san ya tsira, ya tsufa, ana girmama shi. Don haka duk abin da zai faɗa, komai ɗacinsa, daga bakin wanda ya riga ya huce yake fitowa. Ba ya kuka, ba ya zagin kowa, ba ya neman ka tausaya masa. Akwai masu ganin wannan haƙuri ya yi yawa, cewa littafin ya yi wa bauta sassauci, ya jingina komai ga ƙaddara. Ƙorafin yana da tushe, ban kore shi ba. Amma a lura da abin da marubucin ya yi da uwar: ita ba ta sami Rauta ba, ba ta sami almajirai ba, ba ta zauna ta ba da nata labarin ba. Natsuwar Shaihu ba ta rufe wannan ba, ƙara fito da shi ta yi. Littafin siriri ne, amma kada a shanye shi dare ɗaya. An mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976, sai dai muryar tsohon a takarda ta fi zama.

Wani abu da nakan tsaya in duba a rumfar mai sayar da littattafai shi ne sunayen da ke kan bango. Jiki Magayi. Kitsen Rogo. Tura Ta Kai Bango. Allura Cikin Ruwa. Wa Ya San Gobe? Marubutanmu, daga John Tafida na shekarun 1930 har zuwa Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta shekarun 1990, suna son su ɗauko karin magana, sau da yawa rabinta, su ɗora a goshin littafi. Ka ga allura cikin ruwa, bakinka da kansa zai ƙarasa da mai rabo. Ka ga kitse da rogo wuri ɗaya, ka san wani zai yi kallon da zai yaudare shi. Marubucin ya faɗi rabi, mai karatu ya cika rabi, tun ba a biya kuɗi ba an fara hira. Wannan ɗabi'ar zaure ce da tsakar gida, inda ba a ƙarasa wa mai hankali magana. Shi ya sa nake ganin adabinmu na zube, ko da ya shiga injin ɗab'i, bai taɓa yarda cewa mai karatu shi kaɗai ne a ɗaki ba.

Kuma mata ne suka fi riƙe wannan ɗabi'a. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980 bayan wata gasa, shi ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Boɗaɗo, 'yar Fulani, ta kafe sai Yasir, wanda ba jinsinsu ɗaya ba, dangi suka taso, har aljana ta shigo cikin zancen. Gajere ne, mai sauƙin sha, ya dace da daren da mutum ya gaji.

Wanda ya fi kama ni shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ya auro Delu, rikici ya tashi, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara. Abin da ya biyo baya ba hawaye ba ne kawai, lissafi ne: kuɗin haya, kuɗin makaranta, tukunyar abincin sayarwa da za a ɗora tun da asuba, wa zai taimaka cikin dangi, wa zai kawar da kai. Balaraba tana ba da labarin ne yadda maƙwabciya ke ba da shi ta kan katanga, ta san kowa, ba ta ɓoye wanda take goyon baya. Sai gobara ta cinye rumfar Alhaji a kasuwa, duniya ta juya masa baya, aka dawo ana lallashin Rabi ta koma. Duk wanda ya zauna a garuruwanmu ya san hunturu ne lokacin gobarar kasuwa, don haka wannan babi yakan zo kusa ƙwarai. Ƙarshen littafin ba ya sanyaya mini rai, kuma ina zaton da gangan ne. A karanta shi inda mata da maza suke tare, a ga yadda gardama za ta kai sha biyun dare. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012, amma wanda ke jin Hausa ba shi da uzurin bin ta can.

Akwai kuma wata tsohuwa da nake so a nema, ko da za a sha wuya: Baba ta Karo. Ba marubuciya ba ce. Tsakanin 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zazzau, ta ba ta labarin rayuwarta, ita kuma tana rubutawa. Littafin ya fito da Turanci a 1954, bayan rasuwar Baba, daga baya aka fitar da shi da Hausar da ta faɗe shi. A ciki akwai harin mahara da fansar waɗanda aka kama, da zuwan Turawa yadda matan cikin gida suka gan shi, da aure-aurenta, da ƙawance, da bori, da riƙon 'ya'yan dangi tun da ita ba ta haihu ba. Ba ta yi wa kowa kwalliya ba, har kanta. Littattafan tarihi sun ba mu sarakuna da yaƙe-yaƙe. Baba ta ba mu abin da aka dafa ran suna, da wanda ya yi fushi, da yadda aka shirya su.

Duk waɗannan na farkon dare ne. Asubar hunturu kuwa, lokacin da ruwan alwala ke cizon yatsu, mutum ya dawo daga masallaci gari bai waye ba, barci kuma ya ƙi komowa, ba ta son labari. Waƙa take so. A nan sai Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya. Da yawa sun fara jin baitocinsa ne a bakin almajirai da makafi masu bara, tun ba su san akwai littafin ba. Waƙa ce ta tuna mutuwa da ruɗin duniya da yabon Annabi, amma da harshe mai taushi da hotunan da kowa ya sani. Ba a karanta ta da ido. A rera ta ƙasa-ƙasa, baiti kaɗan, kafin a sauke koko.

Akwai littattafan da nake girmamawa amma ba zan ba da su a wannan lokaci ba. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, jini ne da bindiga, ya cancanci karatu, sai dai da rana. Haka Sarraounia na Abdoulaye Mamani, ga masu karanta Faransanci a Maraɗi da Damagaram da Dogon Dutse, labarin sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransawa a 1899. Irin waɗannan tayar da mutum tsaye suke yi, mu kuwa zama muke nema.

Na san mai karatu zai ce, malam, wa ke sayen littafi yanzu? Labari ya koma waya. Gaskiya ne, kuma ba na cikin masu raina abin. 'Yan mata da matan aure da yawa a WhatsApp da Wattpad suka fara rubutu, gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 tana fito da sababbin alƙaluma, gidajen rediyo sun daɗe suna karanta littattafai ga waɗanda hannunsu ke cikin aiki. Harshen yana raye a can, wani lokaci fiye da yadda yake a takarda. Inda nake da magana shi ne irin ginin. Labarin da ake saki shafi-shafi kullum dole ne kowane shafi ya ƙare da abin firgita, don a dawo gobe: an buɗe ƙofa an ga wani, an faɗi sumamme, an tsinci wasiƙa. Wutar kara ce, ta tashi bal-bal ta haske ɗaki, kafin ka miƙa hannu ta zama toka, sai an ƙaro wani. Daren hunturu gungume yake so, mai ci a hankali ya kai asuba. Aku ma jan rai yake yi, amma kowane labari nasa yakan kai ƙarshe, ya bar ka da abin tunawa, ba da ƙaiƙayin jiran na gaba kawai ba. Sannan hasken waya na mutum ɗaya ne. Sau nawa ka shiga ɗaki ka tarar da mutum shida cikin bargo, kowa fuskarsa na haske, ba mai ce wa wani uffan? In wayar ce kaɗai ke akwai, to ɗaya ya karanta a bayyane, saura su kife nasu.

Samun tsofaffin littattafan ba shi da wuyar da ake zato. Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar ana sake buga su saboda makarantu, masu rumfunan littattafai a Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato ba su rasa su. Na Balaraba da na Hafsat sai an ɗan tambaya. Sau da yawa ma ba sai an je kasuwa ba: a buɗe tsohuwar akwatin ƙarfe ta baba ko ta yaya, a kaɗe ƙura, za a tarar da su, takarda ta yi ja, da sunan wani da ajinsu a shafin farko. Kuma tun da zancen ɗaki da dare ake yi, a fitar da kaskon gawayi waje kafin a rufe ƙofa, kada kuma a yi karatu da kyandir a kan katifa. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da ya tashi kowa ba.

Saboda haka, mai karatu, kafin Disamba ta raba tsakiya, ka nemo littafi na ɗaya na Magana Jari Ce. Kada ka karanta shi kai kaɗai. Miƙa wa yaron da ya fi kowa surutu a gidan, ka zaunar da shi kusa da wanda ya fi kowa shekaru, bayan isha'i. Labari biyu a dare sun isa, ko sun roƙa kada a ƙara musu.